Shekarar da Aka Rubuta Mu Gida Biyu

Da sunan Allah, mai saukar da ruwa lokacin da ya ga dama.

Bana ruwan farko ya sauka da wuri a Madarumfa, muka yi shuka, sai sama ta ɗauke. Gero ya fito ya tsaya cak, ganyensa ya nannaɗe, kowa in ya fito masallaci sai ya ɗaga kai ya dubi gabas. A cikin wannan jira ne ɗiyata Hadiza ta zo hutu daga Maraɗi da ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, wadda ba ta kai allon karatu girma ba. Ta ce tana koyon wani tsari na gina shafin intanet mai rumbun bayanai a bayansa, tana so ta yi wa ƙungiyar masu lambu ta bakin tabki.

Na jawo tabarma na zauna kusa da ita. Ta nuna mini yadda ake farawa. Masu tsarin sun riga sun kafa ginshiƙai, kai dai ka faɗa masa abubuwan da kake da su, kamar mutum da gida da lambu, da yadda suke haɗe da juna. Sai ka rubuta layi guda, shi kuma ya fitar maka da shafin shigarwa, da na gyara, da na sharewa. Ta buɗe shafinta na farko, babu kowa a ciki, amma tana ta murna.

"Baba, gida ɗaya maigida ɗaya ne, ko?"

Na ce, "Ya danganta da gidan."

"To ba komai. In na yi kuskure sai in canza, abin da na shigar ba zai ɓace ba."

Ta canza a gabana, shayina bai ko huce ba. Ta ci gaba da aikinta, ni kuwa hankalina ya koma wata damina ta ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da na fara ɗora yatsa a kan irin wannan na'ura.

A lokacin mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba. Ya bar mu, ni da yayana Mati, cikin gandu guda. Gona ɗaya ce babba a kan hanyar Gabi, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Yaya da matarsa Rabi da ƴaƴansu, ni da matata Zinatu da namu ƙanana, ga kuma Inna, mahaifiyarmu, bakin ya haura ashirin. Da safe duk mai ƙarfi yana gonar gandu har azahar, da yamma kowa ya tafi gamanarsa, wato ƴar gonar da ya keɓe wa kansa. Yaya ke hawa rumbu, amma Inna ke auna abin da za a daka. Matan suna karɓar girki bi da bi. Mu maza a zaure muke ci, hannu cikin akushi guda. Sa'o'inmu da yawa sun riga sun rabu da ƴan'uwansu, mu ba mu taɓa kawo zancen ba, don mun san Inna ba ta son jinsa.

Shekarar nan ruwa ya yaudare mu sau biyu. Na farko ya zo da ƙarfi, muka shuka gonar kaf. Gero ya fito tsaf, kore shar, sai zafi ya dawo. Ba zafin bazara ba ne da mutum ya saba, wannan mai nauyi ne, hadari ya taso da la'asar ya yi baƙi, a ji ƙamshin ruwa, sai iska ta watsa shi. Rairayi ya yi zafin da yara ba su iya takawa. Shukar ta yi ja, ta kwanta, ta mutu. Da aka yi wani yayyafi muka fito da ragowar iri muka sake zubawa. Wannan ko fitowa bai gama yi ba. Daga nan babu sauran iri a gidanmu, haka a yawancin gidaje.

Tabki ya ja baya sosai, har yara suna tafiya a inda a da jirgin masunta ke wucewa. Laka ta tsattsage, warin mataccen kifi yana shigowa gari idan iska ta juyo. Rumbu ya yi ƙasa, Yaya in ya shiga ba a ganin kansa. Inna ta rage awo. Aka daina tuwon rana, aka koma kunu mai ruwa-ruwa. Mata suna fita tun da sanyi neman tafasa da zogale, a dafa a kwaɗa da ɗan ƙuli. Dusar da a da ake ba awaki, sai aka fara tankaɗe ta ana haɗawa da garin rogo da ake kawowa daga Najeriya. Abin da na fi tunawa shi ne shirun safiya. Garin da kan tashi da ƙarar turame ta ko'ina, sai ka ji ɗaya can, ɗaya can, su ma ba su daɗewa.

Ana cikin haka aka ce wani foroje, wato shirin masu ba da agaji, zai raba irin gero mai saurin nuna, wanda in aka samu ruwa ko a makare zai iya kaiwa. Amma sai an shigar da kowane gida cikin ordinatar tukuna. Wanda ya zo da na'urar wani ɗan Maraɗi ne, Kirista, ana ce masa Mushe Iliya. Yana buƙatar wanda zai zauna yana shigarwa idan shi ya fita ƙauyuka. Ni nake rubuta wa ƙungiyar manoma da ajami, kuma na ɗan yi karatun boko na manya, sai aka ce in je.

An ajiye na'urar a wani ɗaki jikin magaza, inda ake ajiyar kayan rabo, an lulluɓe ta da zane. Wuta daga gurup take zuwa, wato injin ba da wuta, fanka ɗaya ce, ita ma na'urar ake kunna wa, mu gumi yana bin bayanmu. Ranar farko Iliya bai bar ni na taɓa komai ba. Ya ɗauki tsinke ya zana murabba'i uku a ƙasa.

"Malam, kafin a rubuta sunan kowa, sai an gaya mata mene ne duniya. Wannan gari. Wannan gida. Wannan mutum. Gari yana da gidaje. Gida yana da maigida ɗaya da gona ɗaya. Mutane suna ƙarƙashin gida. In ta karɓi wannan, ita da kanta za ta shirya maka wurin cikewa, ta kuma fitar da takardar rabo."

Na ce, "Wannan ai zanen hatimi ne."

Ya yi dariya. "To kai ne gwaninsa. Sai dai wannan daga hagu ake farawa."

Hannuna ya sha wahala. Idona yana gudu dama, haruffa suna fitowa daga hagu. Da yatsa ɗaya nake bugawa, Iliya yana cewa, "Malam, Allah ya ba ka goma, me sauran suka yi maka?" Wata rana na shigar da unguwa guda cur, mai ya ƙare a gurup, komai ya tafi. Ranar na koyi cewa bayan kowane gida sai an danna ajiya. Da yamma a kwafe aikin a disket, a sa cikin gwangwanin madara saboda ƙura. Idan ya taru Iliya ya kai Maraɗi, daga can a tura ta wayar telefon zuwa Yamai, inda ya ce manya suna buɗe shafi su gani. Ban gaskata ba a lokacin, amma ban yi musu ba.

Da hannuna ya fara sakewa ne na lura da abin da ke gabanmu. Ƙa'idar rabo ita ce kowane gida buhu ɗaya. Na tambayi Iliya me ake nufi da gida. Ya duba takardarsa ta Faransanci ya ce masu ci daga tukunya ɗaya.

Na ce, "To sabon ango da amaryarsa buhu ɗaya, gidan gandu mai baki ashirin shi ma buhu ɗaya?"

Ya dubi ƙasa, inda zanensa ya riga ya goge. Ya ce, "Akwai murabba'i na huɗu da ya kamata in sa tsakanin gida da mutum. Magidanci. Ban sa ba." Bai ɓoye ba, bai kuma kwanta a kan abin ba. Washegari ya hau babur ya tafi Maraɗi. Ya dawo da la'asar, fuskarsa duk ƙura. Idan aka taɓa ginshiƙin, sai an sake shigar da duk garuruwan da aka gama daga farko. Shugabansa ya ce kamyon, babbar motar da ta ɗauko iri, yana hanya, hadari kuma ba zai jira su ba. A bari sai baɗi.

Buhu ɗaya ba zai rufe rabin gonarmu ba. Wannan na sani, Yaya ma ya sani da na gaya masa.

Ranar da layi ya zo kan unguwarmu, Yaya ya shigo ɗakin, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci, ya tsuguna yana kallon na'urar a kaikaice.

"Isufu, rubuta biyu."

"Yaya, tukunyarmu ɗaya."

"Wa ya tambaye ka tukunya? Kana da mata?"

"Ina da ita."

"Kana da ɗiya? Kana da ɗaki da ƙofarsa?"

"Ina da su."

"To mi ya rage? Cikin akwatin nan ne kawai. Inna tana shiga akwati?"

Na dubi Iliya. Ya juya yana gyara wayar fanka, ya ce, "Ni abin da maigida ya faɗa da bakinsa nake karɓa."

Na buɗe gida na farko na sa sunan Yaya da iyalinsa da Inna. Na buɗe na biyu na sa nawa. Da na danna ajiya sai ta ƙi, ta yi ƙara. Wurin gona ba a barinsa fanko, kuma gida biyu ba su haɗa gona ɗaya.

Yaya ya ce, "Kai, wanga abu ya fi alƙali bincike. Sa gabas nawa, yamma naka, mu tashi, ƙafata ta sage."

Haka na rubuta. Ta karɓa.

Mun ɗauka ranar rabo kowa zai zo ne a duba sunansa a miƙa masa. Ashe don kada a yi maguɗi, an shirya na'urar ta fitar da takarda a ba sanƙiran maigari ya kira da ƙarfi, kowa ya amsa a gaban jama'a. Filin magaza ya cika, maza da mata da jakuna, rana tana dukan kai. Sanƙiran yana da murya, ana jinsa har bakin kasuwa.

"Gidan Mati ɗan Naino, gona gabas!"

Yaya ya amsa, ya ɗauki buhunsa.

"Gidan Isufu ɗan Naino, gona yamma!"

Na amsa. Wani abokin wasanmu ya ɗaga murya daga baya, "A'a! Malam Isufu ya zama maigida ba a gayyace mu ba! Ina goron?" Aka yi dariya. Wata tsohuwa ƙawar Inna ta kama hannun rigata ta ce, "Yaushe aka raba? Uwarku ko ta faɗa mini." Ba mu kaɗai muka yi haka ba, na ji an kira wasu gidajen gandu bibbiyu. Kowane gida da yadda ya ƙare da nasa. Namu nake faɗa.

Labari ya riga jakinmu isa gida. Mun tarar da Inna a ƙofar ɗakinta tana tsince tafasa a faifai, matanmu sun shige ɗakuna. Ba ta ɗaga kai ba.

"Buhu ɗaya ya shigo. Ɗayan ku bar shi a zaure."

Yaya ya ce, "Inna, iri ne."

"Na ji ko mine ne. An kira ku gida biyu?"

"An kira."

"Gaban mutane?"

"Gaban mutane."

"Kun amsa?"

Yaya ya durƙusa kusa da ita ya sassauta murya. "Inna, rubutu ne kawai cikin inji. Babu abin da ya canza. Buhu ɗaya bai isa gonar ba, kin san bakin da ke gidan nan."

"Injin ne zai ci tuwon?" Ta ajiye faifan. "Aure da baki ake ɗaura shi gaban shaidu, da baki ake kwance shi. Ku kun faɗa, gari ya ji. In gida ɗaya ne, wancan buhun na wani ne, geron da zai haifa ba zai shiga cikin jikokina ba. Ku mayar. In ba za ku mayar ba, to ku mai da maganarku gaskiya. Ni dai ba ni auna hatsin ƙarya."

Na ce, "Inna, ke ce ba ki son a raba."

"Har gobe ba ni so." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta.

Yaya ya fita zaure ya zauna kusa da buhun. Na bi shi. Na ce mu mayar, Allah ba zai hana mu ba. Ya ce in an mayar, rabin gona ya kwana, kuma kaka in ta zo ba za mu kai tsakiyar rani ba, sai shi ko ni wani ya tsallaka Najeriya ya bar Inna. Ban da haka za a tambayi Iliya yadda aka yi, mutumin da bai yi mana komai ba sai alheri. Muka zauna har aka kira magariba, ba mu tsayar da magana ba. Yara suna leƙowa suna shafa buhun.

Da asuba ruwa ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwa na sosai, mai sanyi, wanda ya cika kwatami ya shigo zaure har sai da muka ɗaga buhun kan turmi. Da gari ya waye ƙasa ta yi baƙi, ƙamshinta ya cika hanci, kwaɗi suna kuka daga wajen tabki. Irin wannan safiya ba a wasa da ita. Gari duk ya fita, maza da sungumi a kafaɗa, mata da yara da ƙorai a bayansu.

Yaya ya idar da salla ya daɗe a zaune. Sannan ya miƙe ya ce mini, "Je ka kira liman da wakilin maigari. Ka zo da igiya, gona za mu raba."

Inna ta ce za ta je. Ta daɗe ba ta taka gonar ba, sai muka ɗora ta a kan jaki. Maƙwabtan gona suna ta sara suna zubawa, mu muna jan igiya daga iyakar arewa zuwa ta kudu. Liman yana ta duban rana yana cewa mu hanzarta, shi ma tasa shukar tana jira. Da aka gano tsakiya, sai abin da ba mu yi tunaninsa ba a ɗakin na'ura ya bayyana. Gabas jigawa ce, rairayi fari. Yamma ce ke da itatuwan gawo, inda ƙasa ta fi ƙarfi, inda mahaifinmu yake tara taki a da. Kuma Yaya ne mai yawan iyali.

Na ce a juya, ya ɗauki yamma.

Wakilin maigari ya dubi Inna. Inna ta dubi Yaya.

Yaya ya ce, "Gabas aka kira, gabas na amsa. Kada mu yi ƙarya ta biyu."

Muka tono ciyawar gamba daga bakin hanya muka dasa ta jere a kan layin igiyar. Liman ya yi addu'a, muka shafa. Inna ta sa aka kwance buhunan biyu a gabanta, ta ɗebi iri da hannunta ta zuba wa Rabi a ƙwarya daga ɗaya, ta zuba wa Zinatu daga ɗayan. Wasu ƙwayoyi suka zube, ta sunkuya ta tsince su. Ta ce a mayar da ita gida, akwai tukunyar da za ta ciro daga ƙarƙashin gado.

Hantsi ya riga ya yi lokacin da muka fara sara. Saman ƙasa ya soma bushewa, sai da muka nutsa sungumi sosai don a samu danshi. In faɗa tun yanzu, irin ya yi. Ruwa bai sake ɗaukewa ba, muka yi kaka daidai gwargwado, ba wanda ya bar gida. Shekarar da ta biyo Iliya ya ƙara murabba'insa na huɗu, muka sake shigar da garuruwan duka ni da shi, gidajen gandu suka samu rabo gwargwadon magidantansu. Mu lokacin babu abin da za a gyara mana, rubutunmu daidai yake.

Amma ranar shukar, da azahar ta yi, sai ga yara sun kawo fura ƙwarya biyu. Aka kai ɗaya gabas, aka kawo ɗaya yamma. Na zauna ƙarƙashin gawo da tawa, na kasa sha. Yaya yana can tsaye cikin rana, don ɓangarensa babu inuwa. Ya ɗaga ƙwaryarsa ya sha, ya goge baki da bayan hannu, ya tako har bakin gambar da muka dasa, ya tsaya bai tsallako ba.

Ya ce, "Sannu da aiki, maƙwabci. Ana ba da aron inuwa a gidanku?"